Ku Dawo Ta Haguna

Shekara 19 ke nan ina karɓar haddar matan aure a wata Islamiyya da ke cikin garin Zariya. Aikina sauraro ne. Mace za ta durƙusa gabana, ta rufe Alƙur'ani, ta fara karantowa da ka, ni kuma in sunkuyar da kai in kasa kunne. In ta mayar da sadi sini in tsayar da ita, in ta haɗiye gunna in ce ta koma baya. Tsawon shekarun nan ban taɓa lura cewa da kunnuwa biyu nake wannan aiki ba, sai da ɗaya ya tafi.

Da waya abin ya faro, wajajen ƙarshen 2017. A kunnen dama na saba kara ta. Yayata da ke aure a Gusau takan kira ni duk ranar Juma'a da yamma, sai na fara jin muryarta amma ban gane abin da take faɗa ba. Sautin yana nan, kalmomin ne suka cakuɗe, kamar mai magana daga cikin rijiya. Na ɗora laifin a kan sabis, daga baya na ɗora a kan wayar, har Malam ya sayo mini wata. Wata rana hannuna na dama yana cikin ƙullun ƙosai sai waya ta yi ƙara, na ɗauka da hagu, na ji Yaya tangaran kamar tana zaune kusa da ni. Na mayar dama, ta koma rijiya. Na yi ta yin haka har ta tambaye ni ko lafiya.

Bayan 'yan watanni ƙarar ta zo. Wani siririn sauti ne kamar kukan gyare, ba dare ba rana, a kunnen dama kaɗai. In gari ya yi tsit ya fi tashi. Na je kemis aka ba ni maganin ɗigawa. Na je wani ƙaramin asibiti aka wanke mini kunnen har sau biyu, aka ce datti ne. Da na koma na ce babu sauƙi, sai aka ce shekaru ne, ni kuwa a lokacin 44 nake. Wanda ya duba ni ya haska dodon kunnen ya ga lafiyarsa ƙalau, daga nan ya rufe maganar. A gida kuma kowa da nasa: man zaitun, habbatussauda, ruwan tofi, hayaƙi. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo mini waɗannan ba, ƙauna ce ta sa su, kuma addu'a ban taɓa barinta ba har yau. Amma shekara ɗaya da rabi ta wuce a haka, kuma ita nake jin ciwonta.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tsakani shi ne sallama. Mace za ta zo ta damana a gidan biki ko a hanyar makaranta ta yi mini sallama, in wuce ban amsa ba. Ni da nake karantar da mata cewa amsa sallama wajibi ne. Magana ta fara zagayawa a unguwa cewa Malama ta fara girman kai, wai ina yi wa mutane kunnen uwar shegu. Wata maƙwabciyata da muka yi shekara 12 muna zaman arziki ta ɗauke ƙafa daga gidana, sai daga baya na ji dalili. Ban san ma an yi mini sallamar ba, balle in nemi afuwa.

Ranar da na daina ɓoyewa, wata ɗaliba ce take kawo hadda, ta zauna ta damana kamar yadda suka saba. Ta gama shafi na ce mata madalla. Sai wata daga baya ta ce cikin ladabi, "Malama, a yi haƙuri, ta tsallake aya." Aya guda cur ta wuce ta gabana ban ji ba. Na sallami ajin da wuri, na koma gida na shige ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Amana ce aka ba ni, littafin Allah ne, ga shi yana zubewa ta gefen da ba na ji.

Ɗana na fari yana aji biyar a karatun likita a lokacin. Ba na kiran sunansa, ba ma doguwar hira, kamar yadda na taso na ga uwata tana yi da yayanmu. In ina da saƙo gare shi ta bakin ƙanwarsa nake aikawa. Ita ce ta gaya masa. Ranar Asabar ya zo da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Umma, ki ba ni izini in gwada wani abu." Ya buga ƙarfen a gwiwarsa ya ɗora gindinsa a tsakiyar goshina, ya ce ta ina nake jin ƙarar. Na ce ta hagu. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Daga baya ya bayyana mini cewa da datti ne ko ruwa ya toshe kunnen, ta kunnen da ya toshe ɗin zan fi jin sautin. Tunda ya gudu zuwa mai lafiyar, matsalar tana can ciki, ko a cikin kunnen ko a jijiyarsa.

Shi ya kai ni Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa mini abin sauraro a kai, aka ce in danna duk lokacin da na ji sauti. Kunnen hagu bai bar komai ba. Na dama kuwa ya rasa siraran sautuka, irin waɗanda sini da shini da fa'un suke zaune a cikinsu, wato daidai haruffan da nake kamawa a bakin ɗalibai. Da aka zo gwajin maimaita kalmomi abin ya fi muni: ina jin ana magana, ba na iya maimaitawa. Likitan ya ce abu uku sun haɗu, raunin ji a gefe ɗaya, ƙara a gefen nan, da kasa fahimtar kalma fiye da yadda raunin ya kai, don haka sai an ɗauki hoton kai da na'urar MRI. Ya ce yawancin waɗanda ake turawa ba a samun komai, amma ba a sakaci da shi.

A Kano aka yi hoton, cikin watan Maris na 2019, bayan an yi mini allurar wani ruwa da ke sa abin da ake nema ya yi haske. Ni an samu. Wani ɗan farin abu, milimita 11, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Kalmar ƙari kawai na ji, sauran maganar likitan ta bi iska. A mota muna dawowa ban ce uffan ba har muka wuce Kwanar Ɗangora. A nan ne yaron nan ya juyo daga gaba, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dubi idona ya ce, "Umma, wallahi ba daji ba ne. Ba ya yaɗuwa." Da muka isa gida ya ɗauko takarda ya zana mini. Tsakanin can cikin kunne da ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar hanya a cikin ƙashi, tsawonta kamar santimita ɗaya. Ta cikinta jijiyar ji take wucewa, da jijiyar da ke riƙe daidaiton tsayuwa, da jijiyar da ke motsa fuska, duk a matse wuri ɗaya. Kowace jijiya tana da rigar da ta lulluɓe ta kamar robar wayar lantarki, kuma ƙwayoyin da ke yin wannan riga ana kiransu da sunan wani Bajamushe, Theodor Schwann, wanda ya bayyana su tun ƙarni na 19. Su ne suke hayayyafa fiye da kima su dunƙule, shi ya sa likitoci suke ce wa ƙarin shiwanoma. A kan jijiyar daidaito yake tsirowa, amma maƙwabciyarta ta ji ce take fara shan wahala. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa in an ɗauke wuta da dare nake dafa bango kafin in kai bayi.

Likitan ƙwaƙwalwa da muka gani ya shimfiɗa mana hanya uku: a buɗe kai a cire, a ƙona shi da haske, ko a zuba masa ido ana ɗaukar hoto lokaci zuwa lokaci. Shi ta ukun ya ba da shawara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙari a cikin kaina, a ce in tafi gida in dawo bayan wata shida? Na ɗauka don ba mu da kuɗi ne ake sallamar mu da dabara. Da daddare yaron ya zauna a bakin tabarmata da wayarsa yana fassara mini. Ya ce a ƙasar Danmak tun 1976 suke rubuta duk wanda aka samu da irin wannan ƙari a rajista ɗaya, suna bin su shekara da shekaru. Abin da suka gano shi ne, mafi yawan ƙananan ba sa ƙara girma bayan an gano su, waɗanda za su girma kuma galibi cikin shekara biyar ɗin farko suke nunawa. Ita kuma tiyatar ba ƙaramar magana ba ce, don jijiyar fuska tana manne da ƙarin. In ta taɓu baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Ya ce a farkon ƙarnin da ya wuce yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki ba sa tashi, sai da wani likita a Amurka, Harvey Cushing, ya rage mace-macen ƙwarai, sannan William House na Los Anjalis ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin a shekarun 1960. Yau ba kasafai ake mutuwa ba, amma fuska da ji har yanzu su ne abin tsoro. Na haƙura na yarda da jiran.

Tambaya ɗaya ce ta ƙi barina. Abu kamar ƙwayar gyaɗa, ta yaya ya cinye mini kunne? A ɗakin jiran likita na haɗu da wani dattijo wanda nasa ya ninka nawa, amma yana amsa waya da kunnen. In matsi ne kaɗai, ai shi ya kamata ya riga ni kurumcewa. Na tambayi yaron, ya ce shi ma bai sani ba, amma zai nemo. Bayan mako biyu ya dawo da amsar da har yau nake juya ta. Masu bincike ma sun daɗe da lura cewa girman ƙarin da yawan jin da aka rasa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wata likita mai suna Konstantina Stankovic, tana aiki a Bostan a lokacin, ita da abokan aikinta sun karɓi ƙarin da aka ciro daga kan marasa lafiya, suka tara ruwan da yake fitarwa, suka zuba shi a kan sashen ji na kunnen jariran ɓeraye, wannan mai siffar katantanwa. A 2015 suka bayyana cewa ruwan wasu daga cikin ƙarin yana lalata ƙwayoyin ji da zaren jijiya ba tare da an matsa komai ba. Wato wani ƙarin ba danniya kaɗai yake yi ba, har da dafi yake zubarwa, kuma cikin abubuwan da suka kama da laifi akwai wani sinadarin kumburi da ake kira TNF.

Ban san yadda zan kwatanta sauƙin da na ji ba. Ba magani aka ba ni ba, amma an gaya mini abin da ya same ni. Na daina zargin ɗigon da na yi ta zubawa da tsinken da nake sosa kunne da shi. Kuma na fahimci abin da masu binciken suke nema: in dafi ne, wata rana za a iya samun makarinsa, a tsare wa mutum jinsa ko da ƙarin yana nan zaune. Wannan ita ce buƙatar mai irin ciwona. Likita milimita yake aunawa, ni kuwa ayar da ta wuce ni nake ƙirgawa.

Na kuma tsorata saboda 'ya'yana, ko gado ne. Ya ce a cikin 100, kusan 95 a kunne ɗaya yake fitowa kuma ba a gadonsa, irin nawa ke nan. Sauran su ne masu wata larura ta gado da ake kira NF2, wadda aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta a 1993. Su a kunnuwa biyu yake fito musu, sau da yawa tun suna samari da 'yan mata. A kansu ne aka fara gwada magani: a 2009 wani likita a Bostan, Scott Plotkin, ya ba mutum 10 wata allurar da ke hana ƙari samun sababbin hanyoyin jini, ya motse a jikin yawancinsu, wasu har jinsu ya ƙaru. Tun ranar nake saka waɗannan yara a addu'ata, don ni an bar mini ɗaya. Da na ji an taɓa zaton asfirin yana rage girman ƙarin, na ce a sayo mini. Ya hana. Ya ce binciken da ya biyo baya bai tabbatar da hakan ba, kuma shan sa kullum ba tare da umarnin likita ba yana iya jawo zubar jini a ciki.

Hoton wata shida bai nuna canji ba. Na gaba ya faɗo cikin kullen korona na 2020, hanya a rufe, daga baya kuma kuɗin suka shige wata hidimar, muka yi ta ɗagawa. Sai a tsakiyar 2021 na koma. Milimita 17. Ya leƙo daga cikin 'yar hanyar nan ya fara nufar ƙwaƙwalwa. Ni ina cikin waɗanda nasu yake girma.

Aka ce tunda bai kai santimita uku ba, haske zai iya tsayar da shi. Na'urar ana kiranta Gamma Knife, wai wuƙa, amma ba ta yanka. Wani likita ɗan Suwidin, Lars Leksell, shi ya ƙirƙiro ta, kuma tun 1969 aka fara amfani da ita a kan irin wannan ƙari. Siraran haske kusan 200 take harbowa daga kusurwa dabam-dabam, kowanne shi kaɗai ba ya cutar da inda ya ratsa, sai a wurin da suka haɗu. An gaya mini gaskiya tun kafin mu tashi: fiye da 90 cikin 100 ƙarin yana tsayawa, amma jin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma yana iya bin sa a hankali. Alƙahira aka tura mu. Na sayar da filin da na gada a wajen mahaifina da sarƙar da na ajiye don auren autata. Malam ya sayar da shanunsa biyu. Matan ajina, waɗanda wasunsu da ƙuli-ƙuli da kitso suke riƙe kansu, suka yi karo-karo suka ƙulle a leda suka kawo mini. Ita maƙwabciyar tawa da ta ɗauke ƙafa, ita ta riƙe mini yara har muka dawo.

A watan Janairun 2022 muka tafi, ni da ɗan farin, don shi ne muharramina kuma shi ke jin bayanin likitoci. Da sassafe aka yi mini allurar kashe zafi a wuri huɗu, biyu a goshi biyu a ƙeya, aka ɗaure mini wani ƙarfe a kai don kada ya motsa ko kaɗan. Wannan ɗaurin shi ne mafi wuya a duk aikin. Da hawaye suka zubo mini, sai na ji an riƙe hannuna. Tun yana ɗan shekara bakwai rabon da in riƙe hannun yaron nan. Ban janye ba. Cikin na'urar kuwa babu zafi, babu ƙara. Na fara Suratu Maryam a zuci, na shiga Ɗaha, kafin in kai ƙarshenta aka fito da ni. Da la'asar ina masauki ina shan shayi.

Hoton farko bayan aikin ya tayar mana da hankali, don ƙarin ya ɗan kumbura. Likitan ya ce haka yakan yi a watannin farko kafin ya lafa, a ƙara haƙuri. A hoton 2024 ya koma milimita 14, tsakiyarsa ta yi duhu, alamar ya mutu daga ciki. Fuskata ba ta taɓu ba, alhamdu lillahi. Kunnen dama kuwa ya ƙarasa tafiya gaba ɗaya cikin shekara biyun nan. Gyaren ne kaɗai ya rage a cikinsa.

Zama da kunne ɗaya sai wanda ya ɗanɗana. Ba rabin ji ba ne kamar yadda mutane suke zato. Da kunne biyu mutum yake gane inda sauti ya fito, don haka ni in ɗan acaɓa ya yi oda ban san ta ina yake tahowa ba, sai na tsaya na waiga ko'ina kafin in tsallaka titi. In yaro ya kira ni a cikin gida sai in nufi kicin alhali yana zaure. A taron suna ko biki, inda mata goma suke magana lokaci guda, komai yakan dunƙule ya zama guguwa, in dawo gida a gajiye kamar na yi surfe. An gwada mini wata na'ura da ake maƙalawa a mataccen kunnen ta aika sauti zuwa mai ji. Tana taimakawa a cikin aji, a cikin hayaniya kuwa sai ta ƙara mini ruɗani, don haka ba kullum nake sa ta ba. Da dare a gefen dama nake kwanciya kamar yadda sunna ta koyar, sai ya zamana mataccen ne a kan matashi, mai jin yana sama yana jiran kiran assalatu.

Yanzu duk matar da ta ce mini kunnenta ɗaya yana ƙara, ko ta daina amsa waya da shi, ba na barin ta da man zaitun kaɗai. Nakan ce ta je a auna jin a ɗakin gwaji, kunne da kunne, kada ta tsaya a haskawa. Mata huɗu na tura zuwa yau. Uku ba a sami komai ba sai abin da magani ya warware, ɗaya tana jiran hoto.

Ban bar karɓar hadda ba. Na faɗa wa ajin komai da bakina, na nemi afuwar duk wadda ta taɓa yi mini sallama ban amsa ba. Na mayar da tabarmata kusurwa, bango a damana. Na naɗa ɗaya daga cikin manyan ɗalibai tana zama da Alƙur'ani a buɗe tana bi, ko da wani abu zai kuɓuce mini. Shekaranjiya wata sabuwar amarya ta zo kawo haddarta ta farko, ta zagayo za ta tsuguna tsakanina da bangon. Kafin in buɗe baki, matan ajin suka haɗa baki suka ce mata, "Dawo ta hagunta." Ta dawo, ta yi bisimilla, ta fara. A aya ta huɗu ta mayar da sadi sini, na tsayar da ita.